Yadda ake gano ƙwararren da ya dace da matsalar halayyar yaro, a kuma tantance shi

Malamar aji ta aiko a kira ku, ta ce yaron ba ya zama wuri ɗaya, ana karatu yana leƙen taga, yau ma ya ture wani a layi. Ko kuwa 'yarku ce mai shekara 13, wadda a da surutunta ke cika gida, yanzu ta koma kulle kanta a ɗaki, abinci ma sai an yi da gaske. Ko ɗan shekara biyu da rabi ne, ana kiran sunansa ba ya waiwayowa. Iyayen da suka shiga irin wannan hali tambaya ɗaya ce ke hana su barci: wurin wa za mu kai shi?

Tambayar ta yi nauyi ne saboda masu wannan aiki suna da yawa, sunayensu kuma sun yi kama da juna. Wani ya shafe shekara 13 yana karatu da horo bayan sakandare, wani kuwa gajeren kwas ya yi a intanet ya buga kati, amma dukansu za ka ji ana ce musu ƙwararru. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, kowane ɗayansu akwai tambayar da aka horar da shi ya amsa. In kun san tambayarku, kun san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Kuma kada ku ɗauka a kanku aka fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin yara da matasa 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya cikin bakwai na fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan laluror suna somawa ne kafin a wuce shekara 14.

Mataki na farko: ku ware abin gaggawa

Akwai halin da ba a tsayawa neman ƙwararre na musamman. Idan yaro ya ce yana so ya mutu, ko ya yanki jikinsa, ko ya haɗiyi ƙwayoyi, ko yana jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, ko ya ruɗe farat ɗaya bai san inda yake ba, musamman in da zazzaɓi, ko ya daina ci da sha har jikinsa ya zube, to sashen gaggawa na asibiti mafi kusa za ku nufa a ranar. Kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da magunguna da wuƙaƙe da duk wata guba daga inda hannunsa zai kai.

Iyaye da yawa suna tsoron tambayar matashi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, wai kada su saka masa abin a rai. An bincika wannan fargaba an ga ba ta da tushe. Tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo wa yaron da ya daɗe yana ɗauke da abin shi kaɗai. Ku tambaye shi cikin natsuwa, ku saurara har ya gama, ban da faɗa.

Mataki na biyu: littafin lura

In ba gaggawa ba ce, ku nemi ƙaramin littafi ku yi mako biyu kuna rubutu kafin ku ga kowa. Duk lokacin da abin ya faru a rubuta lokaci da wuri, abin da ake ciki kafin ya faru, abin da yaron ya yi, da yadda aka ƙare. Ga yadda shafi mai amfani yake: "Talata, 7:20 na safe, ana saka masa safa. Ya cire ta ya jefar, ya kwanta a ƙasa yana ihu minti 15. Da aka juya safar ɗinkin ya koma waje, ya yarda ya saka." Ku gwada wannan da cewa "yaron taurin kai ne da shi". Maganar taurin kai ba ta ba likita komai. Labarin safar kuwa, wanda ya san aiki yana ji zai gane fatar yaron ce ba ta jure gogar ɗinki, ya kuma san wanda zai tura ku wurinsa.

A haɗa da awannin barcinsa, da ɗan bidiyo na waya in abin ya faru a gabanku, domin yara kan zauna tsaf a ofishin likita kamar ba su ba. A roƙi malamin aji ya rubuta abin da yake gani da hannunsa. A tuna yadda cikinsa da haihuwarsa suka kasance, yaushe ya zauna, yaushe ya taka, yaushe ya furta kalmar farko, da ko akwai mai irin wannan a dangi. A rubuta duk wani sauyi na kwanan nan: rasuwa, rabuwar iyaye, ƙaura, sabuwar makaranta, sabon ƙane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ƙwararren kirki ya san cewa rabin bincikensa a bakin iyaye yake.

Mataki na uku: a fara duba jiki

Ƙofar farko ita ce likitan yara, in babu shi likitan iyali. Likitan yara ya gama karatun likita, sannan ya yi ƙarin shekaru yana horon ƙwarewa kan yara kaɗai, shekara 3 a tsarin Amurka, fiye da haka a Ingila. Tambayar da yake amsawa ita ce: shin wani ciwo ne a jiki ke fitowa da kamar halayya?

Ina nanata wannan mataki domin shi aka fi tsallakewa, alhali kama da wane ba ta wane. Yaron da ruwa ya taru a bayan dodon kunnensa yana jin magana kamar daga cikin rijiya, sai a ce ba ya jin kira, ko a ce ya yi jinkirin baki. Wanda idonsa ba ya ganin allo zai koma wasa a bayan aji. Wanda ke minshari yana shaƙewa cikin dare zai wuni yana ƙiriniya, domin gajiyar yaro ba kwanciya take sa shi ba, tsalle-tsalle take sa shi. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, da matsalar maƙoƙo, da gubar dalma, duk suna taɓa hankali da koyo. Akwai kuma wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro. Yana cikin magana sai ya tsaya cak, ido a buɗe, daƙiƙa goma ko makamancin haka, sannan ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Takan faru sau da yawa a wuni, galibi tsakanin shekara 4 zuwa 10. Malami ya ce hankalinsa ba ya aji. Bambancinta da zurfin tunani shi ne, in ka taɓa mai tunani zai farga, wannan kuwa ba zai farga ba sai ta sake shi. Likita kan sa yaron ya riƙa hura takarda na kamar minti uku, abin ya bayyana a gabansa, sannan a tabbatar da gwajin EEG mai auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa.

Ku nemi a gwada ji da gani. Ga ƙananan yara akwai takardar tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT-R, wadda iyaye ke amsawa tsakanin wata 16 zuwa 30 don hango alamun galahanga, wato otizim. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a yi wa kowane yaro irin wannan tantancewa a wata 18 da wata 24. Ga yaran da suka fi girma akwai takardar SDQ mai tambayoyi 25, wadda likitan ƙwaƙwalwar yara Robert Goodman ya fitar a 1997, iyaye da malamai ke cikawa. Waɗannan takardu ba sa yanke hukunci, aikinsu su nuna wanda ya kamata a ƙara dubawa. Yaron da ya kai wata 12 ba gwaranci ba nuni da yatsa, ko wata 16 ba kalma ko ɗaya, ko wata 24 bai haɗa kalma biyu ba, ko ya iya magana sannan ta ɓace, ba a cewa a jira ya girma. Fitsarin kwance kuwa ba a lissafa shi cikin lalura kafin shekara 5.

Mataki na huɗu: ku san wane ne wane

Likitan ƙwaƙwalwa na yara da matasa, wanda ake kira saikiyatris, cikakken likita ne da farko. A Amurka yana yin digirin farko shekara 4, makarantar likita shekara 4, horon lafiyar ƙwaƙwalwa aƙalla shekara 3, sannan shekara 2 kan yara da matasa. A Ingila karatun likita shekara 5 ne galibi, sai shekara 2 na horon farko, shekara 3 na lafiyar ƙwaƙwalwa tare da jarrabawar MRCPsych, sai wasu 3 kan yara. Duk ta inda aka lissafa, shekara 13 ke nan. Fannin kansa bai daɗe ba: a 1930 ne Leo Kanner ya buɗe sashen ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, kuma shi ne ya bayyana galahanga a 1943 bayan ya lura da yara 11. Wannan likita shi ke gano lalura ya sa mata suna, ya rubuta magani, ya kwantar da yaro a asibiti in ta kama. Wurinsa ake zuwa da tsananin ciwon damuwa, da tunanin kashe kai, da jin muryoyi, da ƙin cin abinci don tsoron ƙiba, da duk inda matsaloli biyu ko uku suka cakuɗe. Wanda ya ƙware kan manya kaɗai zai iya taimakawa in babu na yara, amma ku tambaye shi yara nawa yake gani, domin ciwon damuwa a yaro kan fito da fushi da ciwon ciki maimakon kuka da zaman shiru.

Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti, wato saikolojis, bai bi ta makarantar likita ba, ko da ana kiransa dakta saboda digirin digirgir. A Amurka sai ya yi wannan digiri, da shekara guda ta aiki a ƙarƙashin kulawa, ya ci jarrabawar EPPP, jiha ta ba shi lasisi. A Ingila digirin digirgir ne na shekara 3 a aikin asibiti, sai rajista da HCPC, hukumar rajistar ma'aikatan lafiya. A ƙasashe da dama digiri na biyu da horon asibiti ya wadatar. Ba ya rubuta magani, in ban da wasu jihohin Amurka kamar Niu Meziko da Luwiziyana da suka yarje wa masu ƙarin horo. Aikinsa biyu ne. Na farko gwaji: da irin su gwajin basira na WISC, wanda ake yi wa 'yan shekara 6 zuwa 16, yana gano ko yaron da ke faɗuwa a aji ƙarancin fahimta ne da shi, ko kuwa kaifin basira ne da shi amma haruffa ke ruɗa shi. Na biyu magani ta hanyar zama da magana, wanda ya fi shahara shi ne CBT, inda ake koya wa yaro gane tunanin da ke tayar masa da hankali, a kuma riƙa kusantar da shi ga abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan. Yarinyar da ke tsoron makaranta za a fara da tsayawa a bakin ƙofa, gobe a shiga fili, jibi a zauna darasi ɗaya. Yawanci zama 10 zuwa 20 ne, da aikin gida tsakaninsu.

Wani abu da ke ba iyaye mamaki shi ne, a kawo yaro ɗan shekara 4 mai duka da jifa, sai a ce su za a horar. Ba zargi ba ne. Ga ƙananan yara, horar da iyaye shi ne maganin da aka fi samun hujja a kansa. A tsarin PCIT, wanda Sheila Eyberg ta ƙirƙiro don 'yan shekara 2 zuwa 7, uwa na wasa da ɗanta a ɗaki da ɗan abin sauraro a kunne, masanin na bayan gilashi yana kallo yana raɗa mata: "Yanzu ya miƙo miki motar, ki yaba masa ki faɗi abin da ya yi." Ko kuwa: "Ya jefar da ita, kada ki kalle shi, ki ci gaba da naki." Akwai irinsu kamar Triple P daga Jami'ar Kwinslan ta Ostireliya. Wanda ya ce zai gyara ɗan shekara 4 alhali ku kuna zaune a waje kullum, ku tambaye shi me ya sa.

Likitan yara mai ƙwarewa kan girma da halayya ya ƙara shekara 3 a kan horon likitan yara a tsarin Amurka. Shi ne gwanin jinkirin tafiya da baki, da galahanga, da ADHD, wato lalurar rashin tsayar da hankali da yawan ƙiriniya. Likitan jijiyoyi na yara kuwa nasa farfaɗiya ne, da ciwon kai mai tsanani, da fizgar gaɓɓai, da yaron da ya iya abu sannan ya mance shi.

Mai gyaran magana aikinsa ya wuce in'ina da tsamin baki. Yana auna abin da yaro ke fahimta da abin da yake iya furtawa, yana koya wa wanda ba ya magana amfani da hotuna ko alamu ko na'ura. Yawancin ihun yaron da ba ya magana buƙata ce da ta rasa hanyar fita, ranar da ya iya nuna hoton kofi a ba shi ruwa, ihun kan ragu. A Amurka digiri na biyu ake buƙata, a Ingila digiri da rajistar HCPC. Mai horar da yara kan ayyukan yau da kullum shi ne mutumin safar nan da muka ambata: riƙe fensir, saka maɓalli, cin abinci da cokali, jure ƙara da haske da taɓi.

Ma'aikacin walwalar jama'a yana duban abin da ke kewaye da yaron. Wa ke zaune a gidan? Ana dukansa? Ana zaluntarsa a makaranta? Wane tallafi doka ta ba shi? Masu digiri na biyu da suka yi shekaru suna aiki ƙarƙashin kulawa kan sami lasisin zama da yara da iyalai don magani ta hanyar magana. Nas ɗin sashen ƙwaƙwalwa ita ce sau da yawa ta fi kowa ganin yaron, ita ke auna nauyi da hawan jini, ita ke fara lura in magani ya soma illa, kuma a wasu ƙasashe masu ƙarin digiri suna rubuta magani. A makaranta akwai masanin halayyar koyo da malamin ilimi na musamman, su ke mayar da rahoton asibiti ya zama abin yi a aji: kujera a gaba, ƙarin lokaci a jarrabawa, umarni ɗaya a lokaci guda.

Saura mai nazarin halayya, wanda iyayen masu galahanga ke yawan haɗuwa da shi a tsarin ABA, wato koya wa yaro halayya mataki-mataki ta hanyar yabo da lada. Mai babbar shaidar wannan aiki, wato BCBA, yana da digiri na biyu, da awa 1,500 zuwa 2,000 na aiki ƙarƙashin kulawa, da jarrabawa. Amma wanda ke zama da yaron kullum sau da yawa mataimaki ne mai shaidar RBT, wadda horonta awa 40 ne. Ku tambayi wa ke duba aikinsa, sau nawa a wata. Ku kuma dubi abin da ake koya wa yaron. Manya masu galahanga da dama sun koka kan yadda aka tilasta musu kallon ido da daina kaɗa hannu suna ƙanana, don kawai su yi kama da sauran yara. A ganina burin da ya cancanci wahalar yaro shi ne ya iya faɗin buƙatarsa, ya iya shiga bayi, ya tsira daga cutar da kansa. Kaɗa hannun da ba ya cutar da kowa, a bar masa abinsa.

Mataki na biyar: ku duba takardu

Wannan ba rashin kunya ba ne, kuma mai takardar gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Ku ce: "Likita, don Allah wace hukuma ce ta yi maka rajista, mene ne lambarka?" Sannan ku duba da kanku. Kusan kowace ƙasa tana da hukumar rajistar likitoci, da yawa kuma sun saka sunayen a intanet. Ta Ingila, GMC, tana nuna har fannin da likita ya ƙware a kai da ko an taɓa hukunta shi. Lasisin bara ba na bana ba ne, a dubi kwanan wata.

Ku sani cewa ba kowane suna doka ta kare ba. A Ingila kanta, ba mai kiran kansa saikolojis na asibiti ko mai gyaran magana sai da rajistar HCPC, amma kowa na iya rubuta "mai ba da shawara" a ƙofarsa ba tare da ya karya doka ba. Akwai masu ba da shawara na ƙwarai da suka yi digiri na biyu suna cikin ƙungiyoyi masu ƙa'ida, kuma suna da amfani ga yaron da ke cikin alhinin rasuwa ko rabuwar iyaye. Sai dai sunan kaɗai bai isa shaida ba. Ku tambayi inda ya yi karatu, wane horo ya yi kan yara, wa ke duba aikinsa, wurin wa ake kai ƙara in ya yi ba daidai ba.

Babban suna ma bai hana duba hujja ba. A 1998 likita Andrew Wakefield ya wallafa rahoto a mujallar Lancet kan yara 12, yana alaƙanta rigakafin ƙyanda na MMR da galahanga. A 2010 mujallar ta janye rahoton, GMC ta soke rajistarsa. Wani bincike da aka yi a Denmak kan yara sama da 650,000, aka fitar a 2019, bai ga wata alaƙa ba. Duk wanda ya ce zai warkar da galahanga, ko zai wanke wa yaro jini daga guba, ko ya sa suna ga lalura cikin minti goma, ko ya ce ku daina maganin farfaɗiya ku sayi nasa, ku ɗauki ɗanku ku fita. A 2005 wani yaro ɗan shekara 5 mai galahanga ya rasu a jihar Fensilbaniya ana yi masa irin wannan wankin jini.

Mataki na shida: ranar ganin ƙwararre

Ku gaya wa yaron gaskiya daidai hankalinsa: za mu je wurin wanda ke taimaka wa yara kan fushi, ko kan karatu, ba allura. Ku je da littafin lura da takardar malami.

Bincike na ƙwarai yana cin lokaci, wani lokaci zama biyu ko uku. Za a ji ta bakinku, a ji ta bakin makaranta, a kalli yaron yana wasa, a yi magana da shi kansa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ba yaro damar a ji ra'ayinsa kan abin da ya shafe shi. Matashi kuwa za a nemi ganinsa shi kaɗai, ku yarda. Akwai abin da ba zai faɗa a gabanku ba, kuma ƙa'idar aikin ita ce za a riƙe sirrinsa sai in rayuwarsa ko ta wani na cikin haɗari, ko ana cin zarafinsa.

Suna kuma da ma'auni ake sa shi. Littattafai biyu ake bi a duniya: DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, da ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022. Ɗauki ADHD: sai alamun sun kai wata 6, sun soma kafin shekara 12, ana ganinsu a wuri biyu aƙalla kamar gida da makaranta, kuma suna hana yaron ci gaba. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna ta. Yaron da a aji ɗaya kaɗai yake rikici, a fara duba ajin.

Kafin ku tashi, ku tambaya: me kuke ganin yana damunsa, me ya sa kuka ce haka? Me za mu fara yi, me za mu gani nan da wata uku in yana aiki? Mu a gida mene ne namu? Ku nemi rahoto a rubuce.

Mataki na bakwai: in an zo maganar magani

Magani yana da wurinsa, kuma na ga bai dace a tsorata iyaye da shi ko a kwaɗaita musu shi ba. Metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin, yana taimaka wa yara da yawa masu ADHD, amma yana rage cin abinci, yana iya hana barci. Hukumar NICE mai fitar da ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a auna tsayin yaron duk wata 6, nauyinsa duk wata 3 in bai wuce shekara 10 ba, a kuma duba bugun zuciya da hawan jini duk lokacin da aka sauya yawan maganin. Ga 'yan ƙasa da shekara 6, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce horar da iyaye ake fara yi. A ciwon damuwa, fuluwoksetin, wato Prozac, shi hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da shi daga shekara 8, kuma tun 2004 ta sa gargaɗi cewa irin waɗannan magunguna na iya ƙara tunanin kashe kai ga wasu yara a makonnin farko, don haka a sa ido sosai a lokacin. Risferidon na rage tsananin fushi ga wasu masu galahanga, amma yana sa ƙiba, kuma ba ya taɓa galahangar kanta. Wanda ya rubuta magani shi ke da alhakin bibiyarsa. Kada a tsayar da shi farat ɗaya ba da saninsa ba, kada kuma a ba yaro na wani.

Mataki na takwas: mutum ɗaya ya riƙe zaren

In yaro na ganin mutum uku ko huɗu, kowa da abin da yake faɗa, iyaye ne ke ruɗewa. Ku nemi a ayyana mutum ɗaya, galibi likitan yara ko likitan ƙwaƙwalwa, wanda duk rahotanni za su riƙa zuwa wurinsa. Ku ma ku ajiye kwafin komai a fayil guda. Bayan wata uku ku buɗe littafin lura ku gwada da na farko: ihun da ake yi sau biyar a mako ya koma nawa? In ba abin da ya motsa, ku faɗa, kuma neman ra'ayin wani ƙwararren haƙƙinku ne.

In babu ƙwararre a kusa

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nuna matsakaicin ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa a duniya 13 ne ga kowane mutum 100,000, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi bai kai 2 ba, a masu arziki ya haura 60. Saboda wannan giɓi ne hukumar ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, wanda ke horar da likitocin gama-gari da nas-nas su gane laluror ƙwaƙwalwa su fara kula da su, kuma littafin shirin yana da babi kan yara da matasa. Hukumar tana da wani shirin na koya wa iyayen yara masu jinkirin girma dabarun wasa da sadarwa a gida. Ku tambaya a asibitin da ke kusa ko akwai wanda ya sami wannan horo. Ku nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa ko da layin na da tsawo, ku tambaya ko ana ganin ƙwararre ta bidiyo. Kafin ranar ta zo, a gwada kunne da ido, a daidaita lokacin barci, a zauna da malamin aji a mayar da kujerar yaron gaba, littafin lura kuma a ci gaba da cika shi.